Shirun Kwarin Maje

Akwai wata Laraba ta tsakiyar damina da har yau ban manta da ita ba, ranar da na tsallaka rafi da na'urar oba-oba a kaina. Abin ya faru ne a shekarun 1980, kafin a yanke Katsina daga jihar Kaduna. Lokacin ina ƙaramin ma'aikacin fasaha a ofishin da ke kula da makarantun yankinmu a Funtua. Ku da kuke haɗa kwamfutocin makarantu yanzu, mu ne muka riƙe aikin kafin ku, sai dai kayanmu daban ne: rediyon darussa, majigi, lasifika, janareta, sai kuma uwa uba oba-oba.

Ga wanda bai san ta ba, oba-oba rediyo ce ta magana da nesa. Babbar tana ofishinmu, ƙananan suna makarantun kwana, tun daga na cikin gari har na ƙauyukan bayan Bakori da Dandume da Malumfashi. Kowace da batirin mota take aiki, da wata doguwar waya da ake ɗaurewa sama tsakanin turaku biyu, ita ce eriya. Kullum da safe ana kiran makarantu ɗaya bayan ɗaya, shugaban makaranta ya amsa ya faɗi abin da ake ciki: abinci ya kusa ƙarewa, wani malami bai dawo ba, famfo ya lalace. Layin guda ne, don haka duk abin da aka faɗa kowa na ji. Masu gyara mu biyu ne kacal, kuma a makon abokin aikina yana kwas a Kaduna.

A cikin makarantunmu babu wadda ta kai ta Kwarin Maje nisa, can bayan Dandume. Shugabanta Mista Ajayi ne, Bayarabe haifaffen Funtua, ɗan wani mai sayar da yadi a kasuwa. In yana Hausa a layi ba za ka taɓa cewa ba Bakatsine ba ne. Mutum ne da ba ya wasa da kiran safe. Amma ranar Litinin aka kira shi, shiru. Talata ma shiru. Ba wanda ya tayar da hankalinsa, domin da damina batir kan mutu, iska kan kayar da eriya. Ni kuwa abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Duk sanda na'urarsa ta ba da matsala a baya, kafin yamma za ka ga ɗan aike a kan keke, ko direban motar kasuwa ya kawo saƙo. Wannan karon ba kowa.

A daidai lokacin, wata babbar makaranta ta cikin gari tana shirin bikin ba da kyaututtuka ranar Alhamis, da manyan baƙi daga Kaduna. Shugabanta ya yi ta zarya a ofishinmu yana so in je in haɗa lasifika, in kuma tsaya har a tashi. Ban ga laifinsa ba, haƙƙinsa ne, kuma an riga an ba ni aikin.

Shugaban sashenmu shi ne Alhaji Garba, mutumin Malumfashi, tsohon malamin aji, mai ƙarancin magana. Da aka sake kiran Kwarin Maje ranar Laraba ba a amsa ba, na shiga wurinsa na gaya masa damuwata. Ya tambaye ni me nake zato. Na ce ban san komai ba, rashin sanin ne ma ya hana ni sukuni.

Ya ce, "Isuhu, in ka je ka tarar batir ne kawai ya mutu, ka san ni zan amsa tambaya gobe."

Na ce, "Na sani, ranka ya daɗe."

Ya daɗe yana kallon babbar na'urar da ke gefen ɗakin. Can ya ce in ɗauki ƙaramar na'urar da muke ajiye da ita da sabon batir in tafi, lasifika kuwa zai nemi ta haya a cikin gari, tunda ba mai haɗa tamu.

Landirobar ofis ta kai mu Dandume lafiya, daga nan muka shiga hanyar burji, taɓo ya yi ta riƙe mu. Bayan azahar muka iso rafin da ya raba ƙauyen da sauran duniya, muka tarar ruwa ya tafi da kwalbatin. Manoman da muka samu a bakin rafin suka ce tun daren Lahadi ba mai iya tsallakawa, sai ranar ne ruwan ya fara ja. Suka ce da hantsi wani malamin makarantar ya tsallako a ƙafa ya bi ta gonaki zuwa Dandume neman taimako, ashe saɓani muka yi da shi. Wani dattijo a cikinsu ya ƙara da cewa yara ba lafiya a makaranta.

Na bar direba da mota, na naɗe na'urar da tamfol na ɗora a ka. Mutum biyu suka rataya batirin a jikin sanda suka saɓa a kafaɗa. Ruwan ya kawo mini ƙirji, yana jan ƙafata, wani ya riƙe ni ta baya har muka fita. Sauran tafiyar a ƙafa muka yi ta cikin dawa da masara.

Ban taɓa shiga makarantar kwana na ji ta tsit haka ba. An mai da ɗakin cin abinci wurin jinya, yara kwance a kan tabarmi jere, malamai na kai da komo da bokitai. Mista Ajayi ya fito ya tarye ni, idanunsa sun faɗa, rigarsa duk ta yamutse. Ko gaisawa ba mu yi sosai ba ya shiga yi mini bayani. Aradu ce ta faɗa a daren Lahadi ta ƙone na'urar, iska ta kayar da turke ɗaya, ruwa kuma ya malalo ya shiga rijiyar makaranta. Washegari amai da gudawa suka ɓarke. Ɗan maganin da ke hannunsu ya ƙare tun Talata. Sai ya ja ni gefe ya rage murya, ya ce wani ɗan aji uku mai suna Hamisu, daga Bakori, ya rasu da asubar ranar. Limamin ƙauyen da malamai Musulmi suka yi masa sutura, domin ba yadda za a kai shi gida.

Na buɗe tsohuwar na'urar, ƙaurin da ya fito ya ishe ni amsa. Na haɗa ta ajiya, na ɗaura eriyar daga turken da ya rage zuwa rufin wani aji, na kunna. Ba abin da ke fitowa sai shuu. Wurin kwari ne, in waya ba ta yi sama sosai ba magana ba ta fita. Akwai wani dogon itacen maje a bayan kicin, amma reshensa na farko ma ya fi ƙarfina. Ɗaya daga cikin waɗanda suka ɗauko batirin ya ce sana'arsa ke nan, amyar zuma yake ɗaurawa a kan itatuwa. Ya ɗaura bakin wayar a ƙugunsa ya haye, ina ƙasa ina nuna masa reshen da nake so.

Rana ta yi sanyi sa'ad da na sake danna maɓalli. A raina na san an tashi daga aiki tuntuni, mai yiwuwa ba kowa a ofis. Na kira Funtua, na sake kira. Sai murya ta fito a hankali, tana yankewa tana dawowa. Alhaji Garba ne da kansa. Ashe ya sallami mai kula da na'urar, shi ya zauna a gabanta yana jira.

Na miƙa wa Mista Ajayi abin magana. Ya faɗi halin da ake ciki a taƙaice. Alhaji ya ce kada mu kashe. Ofishinmu na da tarho, sai ya buga babban asibiti aka haɗa shi da wata babbar nas. Daga baya ya ba ni labarin yadda ya yi: tarho a kunnen hagu, abin maganar oba-oba a hannun dama, ita ta faɗa masa, shi ya maimaita mana. Ta ce a rufe rijiyar nan take, kada kowa ya sha ruwan da ba a tafasa ba, a ware marasa lafiya daga masu lafiya. Ta faɗi yadda za a auna gishiri da sukari da ƙaramin cokali a zuba cikin tafasasshen ruwa cikin kwalbar lemo, ta ce a yi ta ba marasa lafiyar kaɗan-kaɗan ko da suna amayarwa. Mista Ajayi na tambaya, Alhaji na kai tambayar yana dawo da amsa, malamai na tsaye a bakin ƙofa suna saurare. Kafin magariba an ɗora manyan tukwanen kicin a wuta.

Muna cikin haka wata murya ta shigo layin. Shugaban wata makarantar kwana ne ta wajen Malumfashi, ashe yana jin komai. Ya ce da sassafe zai aiko motarsu da sukari da sabulu har bakin rafin.

Da aka gama, Mista Ajayi ya sake danna maɓalli ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai saƙo ɗaya da ba zan faɗa a layi ba. Malam Isuhu zai kawo maka shi da bakinsa."

Alhaji ya ce, "Na fahimta. Ina jiransa."

Da safiyar Alhamis ma'aikatan lafiya suka tsallako da kayan ƙarin ruwa da magunguna, ni kuma na juya Funtua. Na samu Alhaji ya sha babbar riga zai tafi wurin bikin. Da na isar da saƙon rasuwar, sai ya yi salati. Ya umarci direba ya juya mota zuwa Bakori, ya ce in shiga.

A gona muka samu mahaifin Hamisu, cikin masara, da fartanya a hannu. Alhaji ne ya yi maganar, ya tsuguna a gabansa da babbar rigar a cikin laka. Mutumin ya zauna a kan kunyar masara ya yi ta maimaita innalillahi. Da ya ɗan natsu ya dube ni, tunda an ce ni na fito daga can, ya tambaya ko yaron shi kaɗai ne sa'ad da rai ya yi halinsa. Na gaya masa abin da aka gaya mini, cewa a kan cinyar Mista Ajayi ya cika, malamin Arabiyya na gefensa yana laƙƙana masa kalmar shahada. Ya gyaɗa kai, hawaye na zuba. Sai ya ce, "Sauran yaran fa?" Na ce taimako ya isa gare su. Ya ce to, alhamdulillahi. A cikin ikon Allah kuwa ba a sake rasa kowa ba.

Bikin cikin gari bai yi daɗi ba. Lasifikar haya ta mutu ana tsakiyar jawabin babban baƙo, ga shi kuma ba a ga shugaban sashen da ke da alhakin ta ba. Aka ba Alhaji takardar tuhuma. Ya amsa ta shi kaɗai, bai sa sunana ba, ya ce shi ya yanke shawarar kuma da za a maimaita haka zai sake yi. Ƙarshen shekarar aka mayar da shi wani ƙaramin ofis. Ban san ko wannan ne dalili ba, shi kuma bai taɓa cewa shi ne ba. Kafin ya tafi ya kafa mana ƙa'ida: duk makarantar da ta yi safiya biyu ba a ji ta ba, a je a gani da ido, ko me ake yi a cikin gari.

Na yi shekaru ina juya wannan al'amari. Ba zan ce mu muka ceci yaran ba, domin malamin da ya tsallaka a ƙafa ma da ya kawo taimako washegari. Abin da muka ba su dare ɗaya ne, amma a irin wannan ciwo dare ɗaya ba ƙaramin abu ba ne. Abin da na koya shi ne, a aikinmu wanda ya zo ofis yana faɗa yana da sauƙi, tunda yana da hanyar zuwa. Na nesa kuwa, abin da zai kai kuka da shi sau da yawa shi ne abin da ya lalace. Saboda haka in kun zauna rabon aiki da safe, bayan kun ji masu ƙorafi, ku tambayi kanku wa ba ku ji ba. In kuma wata rana kuka zama manya, ƙaramin ma'aikaci ya shigo muku da damuwar da ba shi da hujjarta, ku saurare shi, ku ba shi mota, sannan ku zauna kusa da layi har ya kira.