Gefensa na Faranti

Ni ban iya cin abinci ni kaɗai ba. Haka aka raine ni, kuma zaman Riyad bai canza ni ba. Direban gida nake a unguwar Shifa, kullum ina tura loma a ɗakina na bakin ƙofa kamar majinyaci, ina jiran Juma'a. Ranar, da an sauko daga masallaci sai in kama hanyar unguwar Sulay, wurin wani Badamagare da ke sauke kaya a sito. Mu sayi shinkafa da kaza faranti ɗaya, mu shimfiɗa kwali a inuwar kwantena, kowa ya ci gabansa. Ni Bakano, shi Badamagare, kun san sauran: tsiya muke yi wa juna har mu wanke hannu. Shekaru muka yi a haka.

Sai kwantiraginsa ya ƙare, kamfani ya ce zai koma gida ke nan, ba dawowa. A daidai lokacin kafil ɗina, wato maigidan da nake wa aiki, tsoho mai ciwon gwiwa, ya ce zai je ɗan hutu Jamus, birnin Hamburg, kuma ni zan riƙa tura shi a keken marasa lafiya. Na so in zame, don na yi wa mutumina alkawarin rakiya har filin jirgi. Shi ya hana ni.

"Kai Bakano, har yanzu ba ka yi hankali ba? Tafi abinka, ni sai ƙarshen wata. Kwantenonin nan da suka karya min baya, da yawansu sunan garin nan ne a jikinsu. Je ka gano min gidan ubansu."

Na je kuwa. Gari ne na ruwa, sama ruwa ƙasa ruwa, yayyafi ba ya gajiya. Na tura tsoho ta kan gadoji, tsakanin tsofaffin sito-sito na jan bulo da ƙafafunsu ke cikin ruwa. Shi yana waya da 'ya'yansa, ni ina kallo ba wanda zan taɓa in ce, kai, dubi can. Mutanen garin ba su da laifi, amma ko ka haɗa ido da mutum sai ya mayar da nasa kan takalminsa.

Ana gobe za mu dawo tsoho ya ce gwiwa ta motsa, in je in sha iska. Na shiga jirgin ruwan da ke zagayawa da baƙi cikin tashar jiragen ruwa. Nan na ga gidan uban nasu. Kwantena kan kwantena har wuya ya gaji, ƙugiyoyi na ɗagawa suna ajiyewa, ba mutum ɗaya da ke gumi. Raina ya ɓaci, wallahi. Na ɗauki hoto har wayata ta yi zafi.

Da na sauka na sayi burodi da kifi a ciki, na zauna kan benci a bakin ruwa. Wani dattijon Bature na zaune a ɗaya gefen. Ban ma yi tunani ba, na raba burodin biyu, na miƙa masa, na ce bismillah. Ya dubi kifin, ya dube ni, ya gyara jakarsa, ya girgiza kai da ladabi. Jim kaɗan ya tashi ya koma wani bencin. Kunya ta rufe ni, sannan kaɗaici ya biyo baya, irin wanda ban taɓa ji ba ko a shekarata ta farko a Saudiyya. Na kira Badamagaren in nuna masa jiragen. Waya a kashe. Na ce yana bakin aiki ne.

Juma'ar da na dawo na sayi farantinmu kamar kullum, da tsarabar hular sanyi a aljihu don in tsokane shi. A ƙofar sito wani ɗan Maraɗi, abokin aikinsa, ya tare ni.

"Malam, ai ya tafi. Kana can ya tashi."

Na ce an matso da ranar ne? Ya ce a'a, tun kafin in yi tafiya tikitin na hannunsa. Wai mutumina ya ce in aka gaya wa Bakanon nan gaskiya ba zai je ko'ina ba, kuma ba zai sake samun irin wannan dama ba.

Na zagi Badamagaren a fili, zagin da babu mai ramawa. Na yi wa ɗan Maraɗin tayin abinci, ya ce ya riga ya ci, ya koma ciki. Kwalinmu na nan jingine bayan kwantenar, na shimfiɗa, na zauna, na ci. Sai da na tashi wanke hannu na dubi farantin. Na cinye gabana tas, na tsaya daidai tsakiya. Gefensa na nan yadda aka zuba, da cinyar kazar a kai.