Safiyatu Mai Albasa Ta Shiga Littafi

Duk wanda ya taɓa sayen kayan miya a kasuwar Adjamé ta birnin Abidjan a shekarun nan ya san Safiyatu, ko da bai riƙe sunanta ba. Doguwa ce, baƙa, mai wushirya, kullum tana zaune kan buhu a bakin layi da albasa kashi-kashi a gabanta. Daga wajen Madawa ta fito, a ƙasar Nijar. A shekarar 1952 ta biyo mijinta Nomau, wanda ya riga ta zuwa da shekara uku yana fataucin albasa. Suka yi kwanaki a mota kafin su kai Bobo, daga nan jirgin ƙasa ya sauke su Abidjan. Ɗaki biyu suka kama a wani babban gidan haya a unguwar Bracodi, kuma a nan suka zauna har 'ya'yansu suka girma.

Mutanen kasuwa ba su san tana rubutu ba. Mahaifinta malami ne, kuma bai sami ɗa namiji ba sai can baya, saboda haka ita ya zaunar ya koya wa ajami tun tana ƙarama. Matan gidan haya kan zo ta rubuta musu wasiƙa zuwa gida. Ban da wannan tana da wani kaye, wato littafin rubutu irin na 'yan lakwal, yaran makarantar boko, mai shuɗin bango, wanda take zuba abin da ta gani a ciki idan ta dawo kasuwa: ranar da ta fara ganin teku, yadda ta fara cin rogon da ake turarawa ta ɗauka dambu ne, faɗan direbobi a tasha. Ba don kowa take rubutawa ba. Idan kaye ya cika sai ta jefa shi cikin akwati ta sayi wani.

Mai gidan hayar yana da 'ya, Raliya, haifaffiyar Abidjan, mai shekara ashirin da huɗu. Tana aikin buga takardu da keken rubutu a wani ofis a unguwar Plateau. Faransanci a bakinta kamar ruwa, Hausarta kuwa ɗingishi take yi. Wata ranar Juma'a da la'asar, a shekarar 1964, ta tarar da Safiyatu a tsakar gida tana rubutu, ta zauna kusa da ita tana hira. Ta ce akwai wata ƙungiyar marubuta da take zuwa kowace Lahadi a unguwar Treichville, ƙetaren ruwa, malaman lakwal ne da akawuna da ma'aikatan asibiti. Bana za su fitar da littafi, kowa ya kawo rubutunsa, amma a kan abu ɗaya za a yi: gada. Ita dai ta yi mako biyu tana neman abin faɗi a kan gada ta rasa.

Safiyatu ta yi dariya ta nuna 'yarta Jamila, mai shekara goma sha ɗaya, da ke wanke kwanuka a bakin famfo. Ta ce waccan ai a kan gada aka haife ta.

Raliya ta san ana tsokanar yarinyar da 'Yar Gada, amma ba ta taɓa tambayar dalili ba. Safiyatu ta ba ta labari. Lokacin ba a gina gadar siminti ba, tsohuwar ce ta ƙarfe, wadda ke kwance bisa ruwa tana lilo idan mota ta hau. Wata safiyar Talata, cikinta ya tsufa, ta hau bayan motar kaya da buhunan albasa za ta kai kasuwar Treichville. Suna tsakiyar gada aka tsayar da motoci, gaba ba hanya baya ba hanya, sai naƙuda ta taso mata. Mata uku masu tafiya a ƙasa suka ji nishinta. Ɗaya mai kifi ce, ɗaya mai ayaba, ɗaya kuma da ƙullin zannuwa a ka. Suka sauke kaya suka hau motar, suka kori maza, biyu suka kare ta da zannuwa, mai kifin ta karɓi haihuwa. Babu wadda ta ji yarenta a cikinsu, ita ma ba ta ji nasu ba. Kafin Nomau ya iso sun ɗauki kayansu sun wuce.

Raliya ta dafa gwiwarta ta ce, “Inna, wannan ba nawa ba ne, naki ne. Ki rubuta shi, ni zan mayar da shi Faransanci in buga.”

Safiyatu ta ce ina ita ina littafin 'yan boko. Amma washegari a kasuwa ta kama kanta tana jera maganar a zuci, har ta zuba wa wata mata tattasai alhali albasa ta nema. Kwana huɗu ta yi tana rubutawa tana sokewa. Ta gane cewa labarin da baki ke faɗa cikin ɗan lokaci, idan aka zo sa shi a takarda sai ya yi ta zamewa. Ta rasa yadda za ta kwatanta lilon gadar, sai da ta tuna yadda ƙwarya ke yi idan an ɗora ta kan ruwan randa.

Sai aikin fassara. Raliya ba ta karanta ajami, saboda haka Safiyatu ke karantawa, ita tana rubutawa. Sun sha dariya. Da aka zo kan “naƙuda” Raliya ta ɗauka sunan mace ne, ta tambaya ko ita ce ta huɗu a cikin matan. Da aka gama, Safiyatu ta ce a karanta mata Faransancin daga farko har ƙarshe. Ba ta jin yaren ban da na ciniki, amma ta kasa kunne. Raliya na rufe baki ta ce akwai abin da aka cire, domin sau biyar ta ambaci Nomau a nata, sau biyu kawai ta ji shi a wannan. Raliya ta sunkuyar da kai. Ta yarda ta tsallake wurin da Safiyatu, cikin zafin ciwo, ta yi ta zagin mijinta da albasarsa da ranar da ta biyo shi, don tana ganin bai dace a littafi ba. Ta kuma cire ƙarnin kifi.

“Mayar da su, 'yar nan,” in ji Safiyatu. “Abin da yarinyar ta fara shaƙa a duniya ke nan, kifi da albasa. In kin wanke labarin tas, ba nawa ba ne kuma.”

Nomau ne ya ɗan ja da baya. Mutum ne mai sanyin hali, amma bai ga dalilin da za a buga sunan matarsa a littafi ba, balle a buga zaginsa, baƙi su karanta. Suka yarda a kai wa Malam Harisu, limamin masallacin unguwa, wanda ke koyar da yara karatu a zaurensa. Malam ya sa tabarau ya karanta a hankali. Da ya kai wurin zagin sai kafaɗunsa suka fara rawa don dariya, ya cire tabarau ya share ido. Ya ce shi bai ga abin kunya a nan ba, godiya ce ga Allah da kuma bayinsa uku da suka taimaki baƙuwa, kuma irin wannan ya kamata a ajiye. Nomau ya ce to a ƙara cewa da ya ji labari da gudu ya zo tun daga Adjamé. Safiyatu ta tuna masa cewa keken maƙwabci ya ara. Aka rubuta keke.

Ranar Lahadi ta ɗaura zanenta na Salla, ta ƙi bari Raliya ta kai takardun ita kaɗai. Suka shiga bas suka ƙetare sabuwar gada zuwa Arras, wani yanki na Treichville. A ajin wata lakwal ake taron, mutum goma sha uku zaune kan bencin yara, gwiwoyinsu na taɓa tebur. Shugaban wani malami ne siriri, Mushe Kwasi, wato Malam Kwasi a bakin masu Faransanci, mai yawan gyara wuyan riga. Ya karɓe ta da ladabi, amma da Raliya ta yi bayani sai gardama ta tashi. Wani akawu ya ce dokarsu a fili take: 'yan ƙungiya kawai, kuma da Faransanci. Ya ce ma wa ya sani ko Raliya ce ta tsara abin, tsohuwa ta ba da baki kawai.

Safiyatu ta ga ana kallonta ana magana, ta tambayi abin da ake cewa. Da aka gaya mata ba ta yi fushi ba. Ta tashi ta je ta buɗe kayenta a gaban akawun, ta nuna masa layin da ta soke sau uku da wanda ta maye da shi. Ya juya kayen ya sake juyawa, bai san ta ina ake farawa ba, 'yan ajin suka yi dariya, shi ma ya yi.

Mushe Kwasi ya ce ta karanta da yarenta, Raliya ta bi ta da fassara. Ta karanta da irin muryar da take kiran masu saye. A cikin ajin mutum ɗaya ne ke jin Hausa sosai, Ja'afaru, ma'aikacin asibiti. Saboda haka duk wurin dariya sau biyu ake yi: shi ya fara shi kaɗai, sauran su jira Raliya ta kai wurin sannan su fashe. Da aka zo inda mai kifi ta ɗora mata jaririya a ƙirji ta faɗi wata kalma da har yau ba ta san ma'anarta ba, Safiyatu ta furta kalmar yadda kunnenta ya riƙe. Wata malama da ke zaune a baya ta ce yaren mutanen bakin ruwa ne, yaren uwarta, kuma cewa aka yi, “Mace ce.”

Safiyatu ta zauna kan benci ta rufe fuska da gyale. Shekara goma sha ɗaya tana ɗauka addu'a ce.

Aka ɗaga hannu, kowa ya yarda, akawun ma har da shi. Don kada a karya doka sai aka sa sunanta cikin 'yan ƙungiya nan take. Mushe Kwasi ya kuma nemi a buga shafi ɗaya da hannunta kusa da fassarar. Aka ba ta wata takarda mai santsi kamar an shafa mata kakin zuma da alƙalamin ƙarfe, ta zana ajaminta a kai, tana danne numfashi kada ta huda.

Bayan wata uku littafin ya fito, shafi arba'in da takwas, an ɗinke shi da ƙarfe biyu, tawadar na kama yatsa. Raliya ta kawo mata shi har kasuwa. Safiyatu ta goge hannu a zane ta buɗe shafi na sha tara, ta ga sunanta da haruffan boko, ta duba ɗaya gefen, sai ta tuntsire da dariya har maƙwabtan layi suka taso. Mai bugun ya sa ajamin kai a ƙasa. Lahadin da ta biyo, 'yan ƙungiya suka wuni suna ɓalle ƙarfe suna juya shafi suna sake ɗinkewa, ita kuma ta kawo musu tukunyar dambu da mai da yaji. Akawun nan shi ya fi kowa ci.

Littafin bai yi nisa ba, malaman lakwal ne suka riƙa karanta wa ɗalibai, ɗalibai suka kai labari gida. Amma hakan ya isa. Cikin wata biyu mata huɗu suka zo Bracodi, ɗaya bayan ɗaya, kowace da mai yi mata tafinta, kowace ta ce tana kan gadar ran nan. Nomau ya ja matarsa gefe ya ce ai uku ta rubuta. Ta ce ita ranar ba fuska ta gani ba, hannuwa ta gani da zannuwa, ba za ta iya ƙaryata kowa ba. Ta shimfiɗa musu tabarma, ta kira Jamila ta gaishe su, kowace ta riƙe yarinyar tana juya ta tana faɗin yadda ta girma. Biyu daga cikinsu ba su sake dawowa ba. Biyun kuwa suka zama 'yan gida, ana aika musu naman Salla, su kuma su aiko da kifi.

Safiyatu ta ci gaba da zuwa Arras duk Lahadin da kasuwa ta bar ta. Shekarar da ta biyo aka ce a rubuta a kan ruwan sama. Ta kawo shafi tara, alhali uku aka ƙayyade. Mushe Kwasi ya ce sai ta rage, ta ce daminar Abidjan ba ta shiga shafi uku, duk wanda rufin ɗakinsa ya taɓa yoyo ya sani. Aka yi ta ja har Ja'afaru ya gaji da tafinta ya fita shan iska. Daga ƙarshe aka tsaya a kan biyar, kuma aka ce kowa ma ya kawo biyar, sai dai ita ta koma gida tana mita a kan huɗun da aka sa ta yanke.