Taurarin Shinkafar Ummukulsum

Ni ne na tafi zumunci na dawo da ɓarna. Ranar kasuwar Bunkure aka nuna mini a waya yadda ake yaba wa mai kaya a manhajar saye da sayarwa: taurari biyar ne a jere, ka danna wanda ka ga ya dace. Na lalubo shagon taubashina Sammani, tunda na taɓa sayen shinkafa ta nan. Ni kuwa tun firamare abin da na sani, na ɗaya shi ne gwani, na biyar shi ake ja wa kunne. Sai na dangwala tauraro ɗaya, har na rubuta a ƙasa, "Ba na biyunka." Na koma gida ina jin na sauke haƙƙin jini.

Sammani ɗan kawuna ne, ya ba sittin baya, siriri, magana sai an roƙa. Gonarsa na bakin kanal tsakanin Kura da Bunkure, rani da damina shinkafa. Amma shagon ba sunansa yake ɗauke da shi ba. Shinkafar Ummukulsum ake kiransa, sunan matarsa. Shi ya noma shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, ita ta jiƙa, ta turara, ta shanya, a kai inji a dawo, sannan ta zauna da faifai. Idon Ummukulsum ko tsakuwa ta sa farar riga sai ya gane ta. 'Yarsu Sumayya ce ta buɗe musu shagon kafin a kai ta ɗakinta a Madobi. Mutanen Abuja da Fatakwal da ba su san hanyar Kura ba suka riƙa saye, ana sa musu a mota, suna zubo taurari biyar-biyar.

Bara da damina Ummukulsum ta rasu. Muka ɗauka zai rufe. Sai ya ɗauki faifanta.

To, noma daban, turara daban. Wani zubin ta jiƙu ta wuce kima, wani zubin ta kakkarye a inji, ga ido ya fara hazo. Masu saye suka fara kuka da haƙoransu. Ita kuma manhajar ba ta san kara ba. Abin da aka faɗa makon nan ya fi na shekaru nauyi a wurinta, yabon da ya tsufa kuwa kamar ruwan bara ne, ba ya shayar da shukar bana. Taurarin suka riƙa zagwanyewa. In suka faɗi ƙasa da huɗu, shagon zai nutse can inda ba mai gangarawa ya gani, sunan ya tafi ke nan. Yana tangal-tangal a bakin nan, sai ga nawa tauraron, sabo fil, ya hau kai.

Da Sumayya ta kira ta fassara mini aikina, da hantsi na ja babur.

Gidan shiru, ko kaza ba ta motsi. Ganga biyu ta turara, ɗaya ta yi tsatsa. Yana zaune a gindin darbejiya da faifai a cinya, waya a kan kujera 'yar tsuguno da ba mai zama a kanta.

Na ce, "Sarkin tsakuwa, an ce har masu gini sun fara yin oda."

Bai ɗago ba. "Maikano, an ce kai ne na ɗaya."

Na yi rantse-rantse, na zauna na gyara a gabansa, ɗaya ya koma biyar. Lambar shagon ta ɗan ɗaga kamar mai ciwon baya, ta tsaya daidai kan huɗu.

Ya karɓi wayarsa ya riƙa ja da babban yatsa, ƙasa, ƙasa, ya wuce duk ƙorafin bana har ya isa inda yake so. Ya karanto mini a hankali: "Hajiya Ummukulsum, Allah ya yi wa hannunki albarka, ko wankewa ban sha wahala ba." Ya karanto wani. Na lura ba ya duban rubutun sosai, ya haddace.

Ya ce, "Da nan sama suke. Yanzu kullum sai na ƙara nisa kafin in same ta."

Sannan ya nuna mini na shekaranjiya, wata mata daga Abuja, taurari uku: "Hajiya, lafiya kuwa? Shinkafar ta canza."

Na ce, "Ba ka gaya musu ba?"

"Ba su tambaye ni ba. Ita suka tambaya." Ya ɗauke wata tsakuwa ya jefar. "A garin nan an daina. Can ne kawai ake tambayar lafiyarta."

Ni kuwa hali zanen dutse. Na ce ai abin mai sauƙi ne: in tara 'yan majalisarmu kowa ya danna biyar, ko kuma ya rufe wannan, ya buɗe sabo da sunansa, Shinkafar Sammani, a fara lissafi daga fari, ba tsohon yabo ba sabon zagi.

Sai yanzu ya ɗago ya dube ni. Ya miƙa hannu bayansa ya jawo wani faifai, ya cika shi, ya dire mini a cinya.

"Ita da ido ta tara nata, ba da majalisa ba. Ka gwada mana da yatsa mun gani. Tsince, kuma wannan karon fararen ake bari."