Allin Yaya

Shekara ashirin da shida yayana ya yi a gaban tukunyar tururi a kamfanin lemon kwalba, kuma kayan aikin ƙarshe da suka miƙa masa bokiti ne da tsumma. Har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa.

Ni ma a kamfanin nake, ɓangaren wanke kwalabe, kuma tururin da muke wanki da shi daga wurinsa yake zuwa. Baƙin mai ake ƙonawa a tafasa ruwa, tururi ya bi bututu ya zagaya ko'ina, hayaƙi kuma ya tashi sama ya sauko a unguwarmu da ke bayan katanga. Farar riga ba ta yini a kan igiya a gidanmu.

Yaya ba mai magana ba ne, amma Allah ya ba shi kunne. Yana cikin tafiya zai tsaya cak, ya karkata kai, ya ce, "Nan akwai yoyo." Kowa ya duba, babu abin da ya gani. Sai ya zaro alli daga bayan kunne, ya zana da'ira a bango dab da wurin, ya rubuta kwanan wata. Shi ya sa aka laƙaba masa Malam Alli. In ya zo wucewa 'yan lodi har ƙamewa suke yi, su ce, "Malam, yau wane darasi za a ba bango?" Ya yi murmushi ya wuce abinsa.

Hujjarsa ɗaya ce. Duk tururin da ya tsere sai an ƙara wa tukunya mai, duk man da aka ƙara kuma hayaƙi ne a kan gidajenmu. Manajoji huɗu ya faɗa wa, ɗaya bayan ɗaya. Na farko ya ce za a duba. Na biyu ya ce ya tsaya a matsayinsa. Da ya gaji, ya tattaro tsofaffin buhuna ya naɗe bututun da ya ratsa tsakar kamfani, don zafi ya daina tafiya a banza. Na uku ya ba shi takardar gargaɗi, wai ya mayar da wuri bola. Na huɗun nan ko sunansa bai sani ba.

Bara masu sayen kayanmu daga waje suka ce ba za su ƙara karɓar ko kwalba ɗaya ba sai an rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. Kai jama'a! Nan da nan kowa ya zama mai tausayin duniya. Aka ɗauko ƙwararru uku da fararen huluna da wata kyamara mai ganin zafi. Sati biyu suna yawo, suka gano yoyo arba'in da ɗaya. Na bi su da ido, wallahi duk inda suka haska akwai da'irar Yaya a gefe, wata ma shekararta tara. Macen da ke cikinsu ta tambayi wa ya yi zanen. Manaja ya ce shirmen leburori ne.

Aka toshe yoyo, aka naɗe bututu da wani abu mai ƙyalli daidai inda buhunan suka taɓa zama, aka kawo sabuwar tukunya mai aiki da lantarki. Hayaƙi ya ragu, ba zan yi ƙarya ba, kuma na yi murna saboda tarin da Yaya ke fama da shi. Shi kuwa burinsa ɗaya, a bar shi a gaban sabuwar tukunyar. Kullum sai ya riga kowa zuwa ya tsaya kan masu haɗa ta, har ya haddace kowane maɓalli.

Na ce masa, "Yaya, je ka nuna musu da'irorin nan. Ka buɗe baki ko sau ɗaya a rayuwarka!"

Ya ce, "Auta, ai suna da ido."

Suna da ido kam. Saura kwana uku a zo ba kamfani lambar yabo, manaja ya kira shi ofis. Sabuwar tukunya sai mai takardar shaida, in ji shi, don haka ƙarshen wata Yaya zai je ya huta. Kafin nan kuma, baƙi na tafe, ya wanke ƙazantar allin nan ta bango.

Na same shi a kan tsani yana gogewa yana tari. Na fizge tsumman na ce, "Don girman Allah sauko ka watsa musu ruwan bokitin nan!"

Ya miƙo hannu ya ce, "Ba ni. Kada su haɗa da ke, 'ya'yanki uku."

Na ba shi. Na riƙe masa tsani har ya goge ta arba'in da ɗaya, ina kuka ina zagi ƙasa-ƙasa. Ranar taro manaja ya hau dandamali yana magana kan hangen nesa, aka yi ta tafi. Ni dai hannuna yana cikin aljihu.

Wata biyu da tafiyarsa na fara jin wani siririn sauti a bututun da ke saman kaina. Na san mene ne, ai a gida ɗaya muka tashi. Na kai masa labari ina jin daɗi, na ce, "Ya fara musu yoyo. Su je kyamararsu ta ji musu."

Bai yi dariya ba. Ya laluba aljihu ya ɗora min guntun alli a tafin hannu, ya ce, "Duk tururin da ya tsere sai an ƙara jan lantarki. Duk inda ake ƙona abin da ke ba su wutar nan kuwa, akwai unguwa a bayan katangar."

Haushinsa ya kama ni fiye da na manaja, amma na zana da'irar, na rubuta kwanan wata. Washegari na tarar an goge bangon tas. Bututun yana nan yana yoyo.