Ranar da Na Kori Dangin Mara Lafiya Daga Asibitin 'Yata

Shekarun baya, ba a daɗe da ba mu jiha ba, mu biyar ne a ɗakin ranar: ni, da 'yar wajena mai asibitin, da wani manomin doya daga Agyaragu wanda ɓarin jikinsa na dama ya shanye, da matarsa, da yayansa.

Asibitin gashin ƙashi ne, amma kada ku ɗauka wani babban abu ne. Ɗaki biyu ta kama a hanyar Kwandere. Gado ɗaya, sandunan ƙarfe biyu da mai walda ya haɗa mata na koyon tafiya, sai keken da ake tuƙawa ba ya zuwa ko'ina. Ni ban yi boko ba, abinci kawai nake kai mata, in zauna in sa ido. Sa ido kam na iya shi, yarana shaida ne.

Mutumin nan ya daɗe yana zuwa. Ƙafa ta fara ɗauka, hannu ya ƙi. Yarinyar ta ce muddin ba ya amfani da hannun, yatsun za su ƙage, shi ke nan shi da fartanya har abada. To amma ina zai yi amfani da shi? Ko ƙuda ya sauka masa, matar ce ke korewa. Mu haka muka tashi, mara lafiya ba a barinsa ya ɗaga ko tsinke.

Ranar an kawo masa sakwara. Yarinyar ta durƙusa ta ce, "Baba, yau da kanka za ka ci." Ya kai hannu yana rawa, lomar ta faɗi a kan rigarsa. Nan take matar ta janye kwanon.

Yayan ya miƙe. "Dokta, mun kawo shi magani ne, ba a yi wasa da shi ba. Gobe za mu koma gida da shi."

Na dubi 'yata, ta sunkuyar da kai. Ta san aikinta, amma ba ta iya ɗaga wa babba murya ba, kuma ni na hore ta a haka. Na dubi mutumin, idonsa na kan lomar nan, ya cika da ƙwalla.

Na ce, "Kowa ya fita."

Matar ta ce mini da irin Hausarsu, "Haba Mama, kai ba ka da tausayi? Wa zai ba shi?"

Na ce, "Tausayin naki ya ishe shi haka. Fita. Ke ma Dokta, waje."

Na tura ƙofa, na ajiye masa kwanon a cinya, na juya masa baya ina kallon bango. Na ce, "Malam, ba mai ganinka. In ka ga dama ka zubar duka, ni zan share."

Can na ji kwano yana ƙara, na ji nishi. Wuyana ya yi ta ƙaiƙayi in waiga, na hana shi. Da aka jima sai ya ce, "Mama, miya ya yi yaji." Na juyo. Rabi a ƙasa, rabi a ciki, ga miya har gwiwar hannu, yana dariya da rabin baki.

Ba su tafi da shi ba. Da kaka sai ga doya a ƙofar gidana, mutumin ya ce da hannun nan ya haƙo.

Yanzu asibitin ya koma babban gini a Azuba, da injina masu fitilu. Ni kuwa ɗakunan nan biyu nake kewa, da warin man zafi. Abin da na gane shi ne, babban mutum ya fi tsoron idon danginsa a kan ciwon da ke jikinsa.

Washegarin ranar da na kore su ɗin nan, ina idar da sallar asuba na ɗauki kujerata 'yar tsugunno, na riga yarinyar isa, na dasa ta a bakin ƙofa. Duk wanda ya rako mara lafiya, sai in nuna masa benci a gindin mangwaro.