Malama Mansura, Mai Ceto Murya daga Toka

Kowace safiya, da zarar ta idar da lazimi, Malama Mansura takan ɗauko ɗan faifan solarta ta jingina shi da bangon rumbu, inda rana ke fara sauka a gidansu da ke Ƙanƙara. Daga nan sai ta shimfiɗa tabarma a zaure, ta jera kayan aikinta a kan faranti: ƙananan sukundireba, tsohon buroshin haƙori, filashi iri-iri na adana bayanai a cikin gwangwanin madara. Kafin ta tafi makarantar 'yan mata inda take koyar da kwamfuta, mace ɗaya ko biyu sun riga sun yi sallama, kowace da abinta a ƙarƙashin hijabi. Matan garin ba sa son kai wayarsu ko kwamfutarsu shagon maza, saboda hotunan cikin gida. Wajen Malama suke kawowa, kuma ba a taɓa jin abin da ta gani a na'urar wani ya fita daga zauren nan ba.

Wanda bai san ta ba zai ɗauka neman abinci ne. Son na'urori ne kawai ya kama ta tun tana ɗaliba. Idan ta samu sabuwar manhaja, ranar har tuwo sai ya huce. Mijinta, Alhaji Rabo, yakan ce wasu matan atamfa suke jira idan miji ya dawo daga Kano, ita kuwa wayar caji take tambaya. Ba ta iya ganin kwamfuta a kan katifa ta yi shiru.

"Ɗaga ta, 'yar nan, ɗaga ta! Kin toshe mata hanci, ta ina za ta sha iska?"

Haka za ta bi ka da dabaru ko ba ka tambaya ba. Ka rage hasken allo batir ya kai ka la'asar. Idan ka goge rubutu bisa kuskure kada ka ɗora hannu a ka, ga madannai biyu da za su dawo maka da shi. Tana faɗa tana dariya, kamar ita ta ƙirƙiro su.

Shekarar da aka datse layukan waya a yankin saboda 'yan bindiga, mutane suka zauna kamar an rufe su a rijiya. Malama ta riƙa shiga mota har Zariya, a kan hanyar da maza ma ke shakka, ta sauko da darussa da littattafai ta cika filashi, ta dawo ta raba wa malamai da ɗalibai. Wata malama daga Sheme ta ce da wannan filashin ta koyar da ajinta har aka maido da layi.

Ke ce kika hana karatun yaranmu tsayawa a lokacin da komai ya tsaya, Malama. Ba wanda ya aike ki, ba kuma wanda ya raka ki.

Amma abin da mutanen unguwa ba su manta ba shi ne zuwan Hafiza. Daga wani ƙauye ta fito a ƙasar Sabuwa, da jaririya a baya da ƙunshin zane a hannu. Mijinta, Malam Jabiru, malamin firamare ne. 'Yan bindiga suka shiga garinsu suka kashe shi, suka tafi da wayarsa, suka sa wa ɗakinsa wuta. Hafiza tana da ciki a lokacin. Da ta kwance zanen, sai ga kwamfutar tafi-da-gidanka baƙa ƙirin, allon ya narke ya manne da madannai.

"Malama, an ce mani kina tada matattun na'urori," in ji Hafiza. "Ni ba ita nake so ba. Ɗiyar nan ba ta san ubanta ba, kuma ko hotonshi guda ba ni da shi. In ta girma ta tambaye ni, me zan nuna mata?"

Malama ta juya kwamfutar ta daɗe tana dubawa. Warin hayaƙi bai bar ta ba.

"Ƙanwata, ba zan yi maki alkawari ba. Wuta ta ci sama, amma ban san abin da ta bari a ciki ba. Ki zauna gidan nan mu gani."

Ta kwance bayan kwamfutar a hankali, ta zaro ma'ajiyarta, wani ɗan ƙarfe da bai kai tafin hannu ba. Ta goge shi, ta sa shi cikin wani ɗan akwati da ta taɓa saye don sha'awa kawai, ta jona da tata kwamfutar. Ya yi ƙara, ya yi shiru. Ta gwada wata manhaja, ba ta ga komai ba. Ta gwada wata, ta bar ta tana lalube, rana ta faɗi batir ya ƙare, washegari ta sake daga farko. Hafiza tana tsakar gida tana taya aiki, ba ta tambaya, sai dai duk motsin da aka yi a zaure ta ɗago kai.

Ranar da abin ya buɗe, tsare-tsaren darasi suka fara fitowa, sai hotunan 'yan aji, sai Malam Jabiru tsaye gaban allo da alli a hannu, hularsa ta karkace. Can ƙasa kuma akwai wani ɗan sauti marar suna. Malama ta kira Hafiza, ta danna, sai ga muryar Malam Jabiru.

"Ana ji na? Ana ji na? Hafiza, don Allah rage rediyon nan, gwaji nake yi."

Sai ga muryar Hafiza daga nesa tana dariya tana cewa, "To malamin zamani!"

Shi ke nan abin da ke ciki. Hafiza ta zame ta zauna a ƙasa, ta rufe baki da gefen hijabi. Sai ta ce, "Sake sa mani." Malama ta sake, ta kuma sakewa, ita ma hawaye na zuba a kan hannunta. Kafin Hafiza ta tafi, Malama ta kwafe mata komai a wurare daban-daban, ta ce kada ta ajiye su a ɗaki ɗaya.

Labari ya bazu. Daga Ketare, daga Faskari, aka riƙa kawo mata wayoyi da suka sha ruwa a wajen gudu da kwamfutocin da aka tono daga toka. Wasu ta ci nasara, da yawa ba ta ci ba. Waɗanda ba ta samo musu komai ba, ba ta aika musu saƙo. Takan sa hijabi ta je da ƙafarta, ta zauna ta faɗa musu, ta yi musu ta'aziyya karo na biyu.

Ke ce mai ceto murya daga toka, Malama. Kin ɗauki baƙin cikin da ba naki ba kin kai shi gida, ba ki taɓa cewa ya yi miki nauyi ba.

Yanzu kuma nata ya zo. Tun bara ta fara cewa gefen allo yana yi mata duhu. Ta ƙara girman haruffa, ta ƙara, har kalma guda ta cika fuskar kwamfutar. Likitocin ido suka ce hawan jinin ido ne, ya riga ya yi nisa, abin da ya tafi ba zai dawo ba. A ƙarshen zangon nan ta ajiye koyarwa. Sukundireba ma ta daina riƙewa, don ba ta ganin kan ƙusa.

Ranar da suka dawo daga asibiti, Alhaji Rabo ya zauna a zaure. Sai ya ji wata murya tana fitowa daga kwamfutarta.

"Alhaji, zo ka ji abin mamaki," in ji ta. "Manhaja ce mai karanta wa makafi allo. Saurari yadda take karanta Hausa, kamar Bature mai mura!"

Tana dariya da gaske. Shi kuwa ya tashi ya fita ƙofar gida, don kada ta ji numfashinsa ya canja.

Mun gode, Malama Mansura. Allah ya saka miki da alheri, ya sa haƙurinki a mizani, ya haskaka miki ranar da hasken ido ba ya amfani. Mu kuma da muka iya wani abu, komai ƙanƙantarsa, mu koya wa maƙwabci kafin ya roƙa, mu yi shi da amana yadda ta yi. Tana nan a gidanta, tana son baƙi. Idan kun je, ku yi sallama ku faɗi sunanku da ƙarfi, kada ku tsaya jiran ta gane fuskarku.