Kawu Ribas da Tirelarsa ta Cikin Waya

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, direban tirela ne tun kafin a haife ni. Ribas ake ce masa, don babu lungun da ba zai cusa tirela da baya ba. Da ciwon baya ya sauke shi daga mota, kowa ya ɗauka zai kafa kujera a ƙofar gida ya riƙa amsa gaisuwa. Sai ya ɗauko tsohuwar kwamfutar da babbar 'yarsa ta bari, ya kwashe kayan da ke kan teburin guga, ya duƙufa kallon bidiyon koyon haɗa wasan waya. Da yatsa biyu yake buga rubutu, tabarau a karan hanci. Matarsa, wadda muke kira Inna, ta ce an ƙwace mata tebur an haɗa da miji.

Wasan tirela ya haɗa: ka mayar da ita da baya cikin matsattsiyar kwana ba tare da ka goge katangar mutane ba. A wayarsa yana tafiya sumul. Muka yi ta yabo, ko da yake shi ke riƙe da wayar, mu leƙe muke yi ta kafaɗarsa.

Ni na raka shi wani kamfanin wasanni da ke saman shagon taya. Suka haɗa shi da mai gwaji, wata mata mai sanyin murya, wadda aikinta shi ne ta nemo inda wasa zai lalace kafin jama'a su gano. Ta sa wasan a wayarta, rubutun ya yanke ta gefe. Ta danna birki da totur tare, tirela ta ratsa katanga ta ɓace. Ta sa aka kira ta, tana ajiye kiran wasan ya koma farko. Duk sanda Kawu ya miƙo hannu zai nuna mata inda ake dannawa, sai ta janye wayar.

"Baba, ba za ka bi kowa gida kana nuna masa ba," in ji ta. "Naka yana aiki ne idan kana tsaye a kansa. Na kasuwa kuwa dole ya jure hannun wanda bai san ka ba, bai kuma damu da kai ba."

Manajan kamfanin ya ce dabarar ta yi kyau, a bar musu ita matasa su gina, shi kuma a shekarunsa ya riƙe nasa abin ɗebe kewa. Kawu ya ce shi ba kewa ce ta kawo shi ba. Ya naɗe cajarsa muka fito. A matakala na zaci matar zai zaga, sai ya ce duk abin da ta faɗa gaskiya ne, manajan ne ya raina masa wayo.

Abin da ya biyo baya babu daɗin ba da labari. Kullum yana rumfar mai gyaran waya, yana gwada wasan a kan wayoyi masu fasasshen gilashi da masu nauyin tashi. Ya goge rabin abin da ya rubuta ya sake. Ya cire wani gari sukutum da ya daɗe yana zanawa, saboda yana sa ƙananan wayoyi zafi. Mafi wuya, ya miƙa wa Inna wayar, ita da ba ta ƙaunar wasan, ya zauna a kan hannayensa don kada ya taimaka mata. Duk inda ta tsaya ta yi tsaki, nan zai gyara. Da 'yan'uwa suka taru suka ce ya haƙura ya kula da bayansa, ya ce bayan nasa ne, wasan ma nasa ne.

Sai da shekara ta kusa zagayowa muka koma. Mai gwajin ta yi duk muguntar da ta iya, tirela ba ta ratsa komai ba. Ta sami kuskure ɗaya a sautin hon, ta ce sauran ya kai. Manajan ya gyara zama, ya ce za su ɗauka da sharaɗi: a sauƙaƙa tuƙin ta yadda tirela za ta riƙa miƙe kanta, a kuma sa talla ta faɗo a tsakiyar kwana.

"Abin da ya karye na gyara," in ji Kawu. "Wannan bai karye ba. Komawa da baya wuya gare shi, haka kuma zai zauna."

Da kansa ya ɗora wasan a kasuwar manhajoji. Ba a yi rububi ba, bai kuma yi suna ba. Amma akwai masu bugawa, wasu a ƙasashen da bai taɓa jin sunansu ba, kuma kowane ƙorafi sai ya bi shi ya ga ƙarshensa. Kwanan baya wani ya rubuto da yaren da sai da na fassara wa Kawu a waya. Mutumin ya ba wasan tauraro ɗaya cikin biyar, ya ce ya fi ƙarfin ɗan Adam. Kawu ya tambaye ni ko mutumin ya ce wani abu ya maƙale ko ya mutu. Na ce a'a.

"To rubuta masa ya rage gudu, ya riƙa kallon madubi."